Yaran Dareta da Maganin Lantarki

Bismillahi. A shekarar 2010 wata masifa ta auka wa ƙasar Anka da ta Bukkuyum. Mutanen Dareta da 'Yargalma da Abare suna kawo duwatsun zinariya cikin gida, mata suna daka, ana niƙa. Ashe dutsen nan haɗe yake da dalma, ƙurarta kuwa guba ce. Yara suna rarrafe cikinta, suna kai hannu baka. Aka rasa yara wajen 400. Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta zo da magani mai fitar da dalma daga jini, aka kankare ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa.

To, amma abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya komawa. Waɗansu da suka tsira sun tashi gaɓoɓinsu a sandare, hannu a dunƙule, ƙafa tana jan ƙasa. Irin wannan lalura takan sami jariri kuma ta wajen doguwar naƙuda, ko shawara, ko sanƙarau. Ba shan inna ba ce, ba kuwa aikin iskoki ba ne. Ƙwaƙwalwa ita ce sarki, jijiyoyi su ne manzanninta. In sarki ya raunana, umurni ba ya isa ga gaɓoɓi daidai.

Saboda haka likitoci suka nemi wata dabara, watau su aika da umurnin daga waje. Akwai 'yar na'ura mai batir wadda ba ta fi tafin hannu ba. Akan manna wayoyinta bisa fata, ta saki lantarki ɗan kaɗan, sai tsoka ta motsa. In an sa ta a ƙwauri, takan ɗaga kan ƙafa daidai lokacin da yaro zai taka, ya rage tuntuɓe. Wani likita, Liberson, shi da abokan aikinsa suka fara gwada wannan a Amurka a 1961, ga manya masu shanyewar ɓarin jiki. Daga baya aka kai ga yara.

Sai dai a lura. Na'urar nan tana ƙarfafa tsoka, amma ba ta warkar da ƙwaƙwalwa. Amfaninta sai an haɗa da gashi da motsa gaɓoɓi kullum. Yaron da ke farfaɗiya kuwa, kamar da yawa daga cikin waɗanda dalma ta taɓa, kada a sa masa sai likita ya duba.

Fatake, kada kwaɗayin riba ya sa a sayar wa uba mai ɗa a kwance na'ura da alkawarin warkewa. Wannan cin amana ne. Malamai kuwa, su ake fara kai wa irin yaran nan. In sun yi addu'a, sai su umurci iyaye su kai su sashen gashi na babban asibitin Gusau ko na Sakkwato, kuma su hana dakan dutse cikin gida. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.