Idan Manhajar Rumbun Bayanai Ta Ƙi Zama a Baƙuwar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa gina manhajar adana bayanai ya miƙa wa wani ya san wannan magana: "Ai a kwamfutata lafiya lau take aiki." Maginin gaskiya ya faɗa. Shi ma mai ƙorafin da ya ce manhajar tana rufe kanta da zarar ya nemi rahoton wata, gaskiyarsa ce. Fayil ɗaya ne, kwamfutocin ne biyu, kuma a tsakaninsu matsalar take.

A wannan rubutu za mu ɗauki Microsoft Access a matsayin misali, domin da ita ake gina ƙananan rumbunan bayanai masu yawa: rajistar ɗalibai, lissafin kayan shagon magani, kundin albashi da makamantansu. Kamfanin Microsoft ya fitar da ita a shekarar 1992. Tsofaffin fayilolinta suna ƙarewa da .mdb, daga 2007 kuma aka koma .accdb. Darasin da za mu koya a kanta yana aiki a kan kowace manhajar da ake girkawa a kwamfutar tebur.

Fayil ba ya tafiya da komai nasa

Mai lambu ya san cewa dashe ba ya kamawa don kawai an ciro shi da ganyensa kore shar. Saiwarsa ta saba da wata ƙasa da wani ruwa. Haka manhaja take. A lokacin da ake gina ta, tana jingina da abubuwan da ke cikin kwamfutar magini ba tare da ya lura ba: nau'in Office ɗin da ya girka, firintarsa, foldar da ya ajiye bayanai, har da yadda Windows ɗinsa ke rubuta kwanan wata. Idan ya kwafe fayil ɗin a filash, duk waɗannan suna nan inda ya bar su. Saboda haka aikin mai gyara guda ɗaya ne: ya gano abin da kwamfutar farko take da shi wanda ta biyu ba ta da shi.

A fara da tambaya kafin gyara

Kafin a taɓa komai, a kwafi fayil ɗin a ajiye a gefe. Gyaran da aka yi cikin gaggawa ya fi mutuwar manhaja cinye bayanan mutane.

Bayan haka a tantance irin mutuwar, domin "ta ƙi aiki" ba bayani ba ne. Akwai manhajar da ba ta buɗewa ko kaɗan. Akwai wadda ke buɗewa, sai an danna wani maɓalli ta nuna saƙon kuskure. Akwai kuma wadda ke ɓacewa daga allo ba sallama. Kowace da inda ake neman dalilinta. A tambayi mai amfani da ita me ya danna, me ya gani, kullum take yi ko jefi-jefi, kuma ko kwamfutar da ke kusa da tasa ita ma tana yi. A roƙe shi ya ɗauki hoton saƙon da wayarsa, domin gani ya kori ji, kuma lambar kuskuren da ke jikin saƙon takan taƙaita bincike ƙwarai.

Idan manhajar ta ɓace ba tare da saƙo ba, Windows ta rubuta abin da ya faru a kundinta mai suna Event Viewer. A ɓangaren Application za a ga shigarwa mai lamba 1000, wadda ke ambaton manhajar da ta faɗi da sunan ɓangaren da ya kayar da ita. Wannan suna shi ne bakin zaren. Idan na direban firinta ne, ba ruwan rumbun bayanai. Idan wani fayil ne mai ƙarewa da .ocx, to wani ƙarin kayan aiki ne da aka liƙa a fom. Sannan akwai dabara mai sauƙi: a danne maɓallin Shift yayin buɗe fayil a cikakkiyar Access, sai ta tsallake umarnin da ke tashi da farko, muddin magini bai toshe wannan ƙofa ba. In ta buɗe lafiya ta haka, an san cewa cutar tana cikin umarnin farawa.

Abokan jingina da suka ɓata

Wannan dalili ne da ya yawaita, kuma yana ruɗa mutane ƙwarai. Umarnin da ke cikin Access ana rubuta su da harshen VBA, wanda ke aron aiki daga wasu taskokin umarni na waje. Idan magini yana son manhajarsa ta aika lissafi zuwa Excel ko ta tura wasiƙa ta Outlook, yakan ɗaura ta da taskar waɗannan manhajoji. Jerin abubuwan da aka ɗaura yana ƙarƙashin Tools, sannan References, a shafin rubuta umarni. Idan ɗaya daga cikinsu babu shi a sabuwar kwamfuta, za a ga kalmar MISSING a gabansa.

Abin ruɗanin shi ne, ɗauri ɗaya idan ya tsinke, kuskuren ba ya bayyana a inda ya tsinke. Sai a ga manhaja tana kuka da ƙananan umarni irin Date ko Left, waɗanda lafiyarsu ƙalau. Mai gyara da bai san haka ba zai kwana yana sake rubuta abin da bai lalace ba.

Nau'in Office ma yana da hannu a nan. Access 2007 lambarta 12, ta 2010 lambarta 14, ta 2013 lambarta 15, daga 2016 zuwa sama kuma 16. Sabuwa takan gane ɗaurin tsohuwa ta ɗaga shi zuwa nata, amma tsohuwa ba ta san na sabuwa ba. Shi ya sa ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a gina manhaja a kan nau'in da ya fi tsufa a cikin kwamfutocin da za su yi amfani da ita. Wata mafita kuma ita ce a bar ɗaurin dindindin, a rubuta umarnin yadda sai lokacin buƙata manhaja za ta nemi Excel da suna. In ta same ta ta yi aiki, in babu ta sanar da mai amfani cikin ladabi. Akwai kuma kayan da Microsoft kanta ta janye, kamar ƙaramar kalandar zaɓen rana da aka cire daga Access 2010. Fom ɗin da aka gina da ita zai tsaya cik a kwamfutar da ba ta da ita.

Bit 32 da bit 64

Tun daga Office 2010 ake samun Office iri biyu, mai bit 32 da mai bit 64. A kula: ana iya samun Windows mai 64 tana ɗauke da Office mai 32, kuma na Office ɗin shi ne abin dubawa. Magina da yawa suna rarraba manhajarsu a siffar .accde, wato fayil ɗin da aka sarrafa umarninsa aka kulle don kada a canza. Wanda aka kulle a Access mai 32 ba ya buɗewa a mai 64, haka ma akasin haka. Maganinsa a koma kan asalin .accdb a fitar da kulallen kwafi ga kowane iri. Idan kuma umarnin yana kiran ayyukan Windows kai tsaye, dole a ƙara masa kalmar PtrSafe, a kuma gyara ma'ajin adireshi zuwa LongPtr, kafin ya yi aiki a mai 64. Wanda ya yar da asalin fayil ya riƙe kulalle kaɗai ya rufe wa kansa ƙofar gyara.

Adireshi da izini

Manhaja mai tsari takan kasu biyu: gaba, inda fom da rahotanni suke, da baya, inda teburan bayanai suke. Gaban yana riƙe da cikakken adireshin bayan, harafi da harafi. Idan adireshin ya bi ta foldar da ke ɗauke da sunan magini, ko ta harafin faifai irin Z: wanda a kwamfutarsa kaɗai aka saita, a sabon wuri manhaja za ta nemi teburanta ta rasa. Ana gyara wannan da Linked Table Manager, kuma ya fi kyau a yi amfani da sunan kwamfutar da ke riƙe da bayanan maimakon harafin faifai.

Izini ma haka. Duk lokacin da aka buɗe rumbun, Access tana ƙirƙirar ɗan fayil mai ƙarewa da .laccdb a gefensa don ta san su wa ke ciki, ta goge shi idan na ƙarshe ya fita. Ke nan kowane mai amfani yana buƙatar izinin karantawa, rubutawa, ƙirƙira da gogewa a foldar gaba ɗaya. Wanda ya ajiye rumbun a cikin Program Files, inda Windows ke hana talakan mai amfani rubutu, ya jawo wa kansa ƙorafi. Bugu da ƙari, tun 2007 Access ba ta barin umarni su yi aiki sai fayil yana wurin da aka amince da shi ko mai amfani ya ba da izini, kuma daga 2022 Office ta fara toshe umarnin fayilolin da aka sauko da su daga intanet. Alamar wannan ita ce manhaja ta buɗe sumul, amma maɓallai su ƙi motsi.

Kwanan wata da waƙafi

Wannan matsala ta shafe mu kai tsaye. A Najeriya da Nijar rana muke fara rubutawa kafin wata, amma harshen tambayar da Access ke amfani da shi tsarin Amurka yake bi, wata kafin rana. Idan umarni ya ɗauki 03/04/2024 daga fom ya cusa shi cikin tambaya a matsayin rubutu, mai shigarwa yana nufin 3 ga Afrilu, injin Access kuma ya karanta 4 ga Maris. Ranar da ta wuce 12 ba ta yiwuwa ta zama wata, don haka injin yakan juya ta daidai, sai kuskuren ya ɓuya na tsawon lokaci. Wannan ya fi mutuwar manhaja haɗari, domin lissafi ne ke fita a karkace ba wanda ya sani. Rubuta shekara, wata, sannan rana, kamar 2024-04-03, yana kawar da shubuhar.

Haka kuma kwamfutar da aka saita da tsarin Faransanci, kamar yadda aka saba a Maraɗi ko Damagaram, waƙafi take sawa inda ta Kano ke sa ɗigo. Sha biyu da rabi a can 12,5 ne. Idan wannan adadi ya shiga tambaya a matsayin rubutu, injin zai ga lambobi biyu, ya ƙi karɓa.

Firinta, wuta da sabuntawa

Access tana tsara shafin rahoto ne bisa firintar da aka zaɓa a Windows. A kwamfutar da ba ta da firinta, ko wadda direbanta ya lalace, manhaja tana iya faɗuwa ko da kallon rahoton kawai ake son yi. Gwajin ba wuya: a mayar da Microsoft Print to PDF ta zama zaɓaɓɓiya, a sake gwadawa.

Wani lokaci kuma fayil ɗin ne kansa ya samu rauni. Ɗauke wuta ko yankewar sadarwa a daidai lokacin rubutu su ne manyan dalilai, shi ya sa batirin ajiyar wuta ke da amfani, haɗin waya kuma ya fi mara waya aminci ga irin wannan rumbu. Fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, kuma yana kumbura da amfani. Umarnin Compact and Repair yana rage kumburin ya gyara ƙananan raunuka. In ya gagara, a buɗe sabon rumbu a kwaso komai zuwa cikinsa. Kada kuma a manta da tambayar ranar da matsalar ta fara. A watan Nuwamba na 2019 wata sabuntawar Office ta sa tambayoyi masu lafiya suka riƙa nuna kuskure mai lamba 3340 a ƙasashe da dama, har sai da Microsoft ta fitar da gyara.

Rigakafi

Da yawa daga cikin masu karɓar manhaja ba su da cikakkiyar Access, sai Access Runtime da ake bayarwa kyauta. A cikinta, duk kuskuren da magini bai tanadar masa tarko ba yana rufe manhajar nan take. Don haka kowane umarni ya samu tarkon kuskure da zai rubuta lambarsa, lokacinsa da wurin da ya faru a wani ɗan kundi. Magini yana iya gwada wannan yanayi a kwamfutarsa ta hanyar canza ƙarshen sunan kwafin fayil zuwa .accdr. Kowane ma'aikaci a ba shi nasa kwafin gaba, bayan ne kaɗai ake tarayya a kansa. Sannan kafin miƙawa a gwada manhajar a kwamfutar da ba a taɓa gina komai a kanta ba, da asusun da ba na mai gudanarwa ba.

Kai kuma mai gyara, canza abu ɗaya a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta sakamakon. Idan ka canza biyar tare manhaja ta tashi, ba ka san wanne ne magani ba, kuma gobe a kwamfuta ta uku za ka koma farko. Bayanan da ke cikin rumbun nan amanar mutane ce: sakamakon ɗalibai, albashin ma'aikata, bashin abokan ciniki. Ka ajiye kwafi kafin ka taɓa, ka bi hujja maimakon zato, kuma kada ka ce aiki ya kammala sai ka ga manhajar tana aiki a kwamfutar mai ita.