'Thou' da 'thee': Shin tsohon Turanci ya fi girmama Ubangiji a addu'a?

Duk wanda ya taɓa halartar ibada da Turanci a tsofaffin coci-coci, ko ya karanta fassarar Alƙur'ani ta Abdullah Yusuf Ali, ya ci karo da kalmomin thou, thee da thy. Babu mai amfani da su a kasuwa ko ofis, amma da zarar an ɗaga hannu za a roƙi Allah sai su fito.

Masu riƙo da su na cewa ladabi ne, domin bai dace a kira Mahalicci da kalmar da ake kiran aboki ba. Sai dai tarihin kalmomin ya nuna akasin haka.

Kalmar na gida ce

A tsohon Turanci, thou na nufin "kai" ko "ke", mutum ɗaya. You da ye kuwa na nufin "ku". Daga baya Turawan Ingila suka kwaikwayi Faransawa, suka riƙa kiran manya da jam'i, kamar yadda yaro a ƙasar Hausa kan ce wa mahaifinsa, "Baba, kun tashi lafiya?"

Da haka thou ta koma ta 'ya'ya da barori da masoya. Faɗa wa babba ita kuwa raini ne. A shari'ar Walter Raleigh a 1603, mai gabatar da ƙara Edward Coke ya jefe shi da ita da gangan don ya ci masa mutunci. Mabiya ɗariƙar Quaker, wadda George Fox ya kafa a tsakiyar ƙarni na 17, sun sha duka da tsangwama saboda sun dage kan kiran kowa thou, har alƙali, a kan cewa mutane duka ɗaya ne a wurin Allah.

Yadda ta maƙale a wurin ibada

William Tyndale, wanda ya buga Sabon Alkawari da Turanci a 1526, ya yi amfani da thou ne domin Girkanci da Ibrananci suna bambanta tilo da jam'i. Fassarar Sarki James ta 1611 ta bi sahunsa. A cikinta ana ce wa Allah thou, ana ce wa bawa thou, har Shaiɗan ma da ita ake kiransa. Ke nan batun lissafi ne, ba na daraja ba.

Amma yayin da kalmar ta riƙa ɓacewa daga bakin jama'a, sai ta saura a Baibul da littafin addu'o'in cocin Angalikan na 1662. Mutane suka taso ba sa jin ta sai a wurin ibada, suka ɗauka yaren sama ne. Wannan kwarjini ne ya sa Marmaduke Pickthall a 1930 da Yusuf Ali a 1934 suka ɗauki salon a fassararsu ta Alƙur'ani.

Ja-in-ja har yau

Fassarar RSV ta 1952 ta raba gardama biyu: ta bar thou ga Allah kaɗai, ta ba mutane you. Fassarar NIV ta 1978 da NKJV ta 1982 kuwa sun watsar da ita baki ɗaya.

Duk da haka akwai masu kare ta. A 1993, Dallin Oaks, ɗaya daga cikin manyan shugabannin cocin Mormon a Amurka, ya yi huɗuba yana kira ga mabiya su riƙe ta, yana mai kafa hujja da cewa tunda an daina amfani da ita a harkokin yau da kullum, ta zama keɓantacciya ga Allah.

Masu adawa kuwa na nuna cewa kalmar ba ta tafiya ita kaɗai. Tana jan art da hast da wilt, waɗanda matashi ko sabon mai koyon Turanci kan yi tuntuɓe a kansu, har tsoron kuskure ya hana shi buɗe baki a gaban jama'a.

Bahaushe ya riga ya warware

Abin lura shi ne mai ce wa tsoho "ku", idan ya juya ga Ubangiji sai ya ce, "Ya Allah Ka gafarta mana." Babu wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin ladabi. Haka Jamusawa ke kiran Allah da du, Faransawa da dama kuma da tu, wato kalmomin da suke kiran 'ya'yansu da su.

Wanda ya saba da thou tun yarinta, hawaye kan zubo masa idan ya ji ta, kuma babu mai ikon ce masa ya bari. Amma ya kamata ya san cewa kakannin Turawan da suka fara roƙo da ita, kusanci suke nufi. "Kai" kawai suke cewa.