Soyayya, tarihi da zullumi: Littattafan Kirista da ke zagaya hannayen makaranta a Jos

Duk wanda ya san Jos ya san abin da ke kai mutum Kasuwar Katako: ko dai katakon da ya ba ta suna, ko hatsi, ko gwanjo. Da zarar hunturu ya kama, sanyin Filato ya fara shiga ƙashi, ɓangaren gwanjo ne ke cika, kowa na tonon rigar sanyi da bargo. Ni ma rigar sanyi ce ta kai ni, amma da littafi na dawo gida. A ƙasa na gan shi, cikin tarkacen da aka baza a kan leda, bangonsa ya kode, ga hatimin wani ɗakin karatu na wata majami'a a Amurka a shafinsa na farko. Hanyar da ta kawo rigunan ita ce ta kawo shi: Bature ya gama da abinsa, aka ɗaure, aka ɗora wa jirgin ruwa.

Littafin yana cikin wani rukuni na ƙagaggun labarai da ba a cika maganarsa a shafukan adabi ba, alhali yana da makaranta a Jos, musamman mata, daga 'yan makarantun kwana zuwa iyayensu na Zumuntar Mata. Labarai ne na soyayya da marubuta Kiristoci ke ginawa a kan wani zamani da ya shuɗe, sannan su cusa masu haɗari da asiri, yadda mai karatu ba zai iya ajiyewa ya yi barci ba. Akan sami ɗan leƙen asiri, ko wani mugu da ke farautar jarumar, ko wani sirri da in ya fito rai zai salwanta. Soyayyar ba ta wuce iyakar kunya, kuma imanin jarumai yana cikin ƙashin labarin.

A Amurka sana'a ce babba. Grace Livingston Hill, wadda ta rasu a 1947, ta rubuta fiye da littafi 100 na soyayya mai ɗauke da wa'azi. Amma wadda ake cewa ta buɗe kasuwar ta zamani ita ce Janette Oke, 'yar Kanada, da littafinta Love Comes Softly na 1979: wata yarinya ce mijinta ya mutu a hanyar ƙaura ya bar ta da ciki, ta auri wani manomi da matarsa ta rasu don ta samu wurin fakewa, shi kuma ya samu mai riƙe masa 'yarsa. So bai zo ba sai daga baya. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙin irin wannan aure. Da kasuwa ta buɗe, har kamfanin Harlequin, mai Mills & Boon da 'yan matan da suka yi makarantar kwana suka sha ɓoyewa a ƙarƙashin matashi, ya kafa nasa reshen mai suna Love Inspired a 1997. Akwai kuma lambar yabo ta Christy da ake bai wa fitattun ƙagaggun labaran Kirista, wadda ta samo suna daga wani littafin Catherine Marshall na 1967.

Yawancin abin da ke isowa nan shara ce, gara a faɗi gaskiya. Labari ɗaya ne ake sauya wa riga: budurwa mai taurin kai, saurayi mai tabon zuciya, addu'a a babi na ƙarshe. Amma a cikin ƙaiƙayin akwai tsaba, kuma don ita aka yi wannan rubutu.

Wanda za a fara da shi, a ganina, A Voice in the Wind ne na Francine Rivers, wanda ya fito a 1993, na farko a jerin littattafai uku. Ya buɗe da rushewar Urushalima a hannun sojojin Rum a shekara ta 70 Miladiyya. Hadassah, yarinya Bayahudiya mai bin addinin Almasihu a ɓoye, ta rasa kowa nata, aka sayar da ita baiwa ga wani gidan attajirai. Ɗan gidan, Marcus, ya kamu da son ta. Zullumin ba na wanda ya kashe wane ba ne. Tambayar ita ce yaushe asirinta zai tonu, a zamanin da ake jefa wa zakuna irinta don nishaɗin jama'a. Abin da ya ɗaga littafin sama da 'yan'uwansa shi ne jarumar matsoraciya ce, ta san haka, kuma tana jin kunyar tsoronta. Mutumin Jos da ya taɓa tsayawa a shingen samari a watan Satumban 2001 ko Nuwamban 2008, aka tambaye shi sunansa, ya yi ta auna amsar da za ta cece shi, ba ya buƙatar zama Kirista kafin ya gane halin da take ciki. Musulmi da Kirista duk sun tsaya a irin wannan shinge, unguwa ce kawai ta bambanta.

Littafin Rivers da ya fi shahara kuwa Redeeming Love ne na 1991, wanda aka sayar da miliyoyin kwafi, aka kuma mayar da shi fim a 2022. Ta ɗauko labarin annabi Yusha'u na Tsohon Alkawari, wanda aka umarta ya auri Gomer, mace marar kamun kai, ta dasa shi a Kalifoniya ta wajen 1850, lokacin da duniya ta yi wa yankin ca don haƙar zinariya. An sayar da Angel ga masu lalata tun tana 'yar shekara takwas. Wani manomi ya aure ta, tana gudu yana bin sawu. A nan zan yi togaciya biyu. Ta farko, ba littafin ƙananan yara ba ne, ko da kuwa an saye shi a kantin majami'a. Akwai cin zarafin yara a ciki, kuma ba a lulluɓe shi sosai ba. Ta biyu ta fi nauyi. Wasu makaranta sun daɗe suna kokawa cewa auren an ɗaura shi ne a lokacin da matar ba ta cikin hayyacinta, kuma labarin na iya koya wa yarinya cewa nacin namiji shi ne so. Ni ma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a wannan suka. A karanta, amma uwa ta riga 'yarta, su zauna su tattauna bayan nan.

Mai neman zullumi zalla ya nemi Vienna Prelude na Bodie Thoene, na 1989. Wata mai goge ce a ƙungiyar makaɗan birnin Biyana, mai jinin Yahudawa, tana rayuwa da sunan aro yayin da Hitila ke shirin haɗiye Ostiriya a watan Maris na 1938. Sannu a hankali ta tsinci kanta cikin masu safarar mutanen da ake farauta zuwa tudun mun tsira, ga kuma wani ɗan jaridar Amurka da ya shigo rayuwarta. Tarihin da ke ciki an yi masa bincike, sai dai mai karatu ya sani cewa marubuciyar tana da ɓangare a siyasar Gabas ta Tsakiya, abin da ya fi fitowa fili a sauran littattafanta da suka shafi kafa Isra'ila. Kusa da shi akwai The Number of Love na Roseanna M. White, na 2019, kan wata 'yar gudun hijirar Beljiyam mai baiwar lissafi da ke warware saƙonnin sirrin Jamus a ofishin sojan ruwan Birtaniya da ake kira Ɗaki na 40, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ɗakin na gaske ne, jarumar ce ƙirƙira.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Against the Tide na Elizabeth Camden, na 2012. A Boston aka kafa shi, ƙarshen ƙarni na 19. Jarumar tafinta ce a ofishin sojan ruwa, jarumin kuma tsohon ɗan harkar ƙwaya ne da ya tuba ya sha alwashin karya cinikin. Ƙwayar ba a lungu ake sayar da ita ba: a cikin maganin ruwa take, wanda ake ɗura wa jarirai don su yi barci, ana talla da shi a jaridu. Ita kanta jarumar da shi aka raine ta a gidan marayu, ba ta kuma san ya kama ta ba. Duk wanda ya tuna yadda maganin tari mai kodin ya ci samari da matan aure a Arewa, har gwamnatin tarayya ta haramta shi a watan Mayun 2018 bayan binciken BBC, zai karanta wannan littafi kamar a unguwarsu aka rubuta shi.

Aibin da ya game kusan dukkansu ɗaya ne: tarihin na wasu ne. Jaruman farare ne, baƙar fata in ya leƙo to bawa ne mai biyayya ko mai dafa abinci, 'yan asalin Amurka kuma da aka ƙwace wa ƙasa ba su wuce inuwa a bayan dutse ba. Yarinyar da ta tashi a Tudun Wada ko Nassarawa Gwom za ta iya zayyana maka yadda ake ɗaure siket a Landan ta 1917, amma ba ta taɓa karanta labarin soyayyar da aka yi a Bukuru ta wannan shekarar ba.

Abin ya fi ɗaure kai in aka tuna matsayin Jos a harkar ɗab'in Kirista. Nan ne hedikwatar ECWA, wadda ta tsiro daga mishan ɗin SIM a 1954, nan ne kuma hedikwatar COCIN. Kantunan Challenge da Albishir sun daɗe suna sayar da littattafai, ga ACTS a Bukuru, inda kwalejin TCNN take. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Miliyoyin Kiristocin Arewa da Hausa suke wa'azi, da ita suke raira waƙa, da ita suke neman aure. Waƙoƙin Hausa na irin su Panam Percy Paul da Jeremiah Gyang sun ratsa ƙasar nan. Amma mai neman ƙagaggen labarin soyayya na Hausa wanda jarumansa ke zuwa sujada ranar Lahadi zai sha yawo kafin ya dace. Kantunan sun fi ƙarfi a tauhidi, tafsiri da littattafan zaman aure.

A Kano kuwa, tun shekarun 1980 marubuta suka daina jiran kamfanonin ɗab'i. Talatu Wada Ahmed, Balaraba Ramat Yakubu, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, sun buga da kansu, suka kai kasuwa, mata suka saya suka yi ta aro. An zarge su da ɓata tarbiyya, har aka ƙona wasu littattafai a Kano a 2007, amma harkar ba ta mutu ba. Ta koma WhatsApp da Wattpad. Abin lura shi ne littattafan nan na Kano da na Amurka 'yan gida ɗaya ne ta fuskar manufa: soyayya cikin iyakar addini, da ƙarshen da ke hukunta azzalumi. Fargabar iyaye ma iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu.

Kuma ba za a ce Kiristan Arewa baƙo ne a ƙagaggen labarin Hausa ba. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 akwai Jiki Magayi, wanda ya rubuta tare da John Tafida, mutumin Wusasa. Labari ne na saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, ya bazama neman hanyar ramuwa, ramuwar ta ci kowa har da shi. Soyayya da zullumi ke nan, shekara 90 da suka wuce. Cyprian Ekwensi, wanda ya yi ƙuruciya a Jos, ya yi makamancin haka da Turanci a The Passport of Mallam Ilia na 1960, littafin da har yau ɗalibai ke tunawa da shi.

Kayan aikin kuwa a zube suke. Akwai sansanonin haƙar kuza, inda Bahaushe da Birom da Ibo da Bayarabe suka kwana a bariki ɗaya, da aikin tilas da Turawa suka ƙaƙaba tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya aka juyo kan Filato, mutane da yawa suka mutu saboda sanyi da cuta. Akwai ƙaramin jirgin ƙasan da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 har aka rufe layin a 1957. Duk marubucin da ya san aikinsa ya san abin da ake yi da tasha da wasiƙar da ba ta isa ba. Akwai asibitin Vom na 1922 da makarantun Gindiri na 1934. Sai tarihin Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, waɗanda wasu daga zuriyarsu suka nemi Dokta Walter Miller a Zariya, suka kafa zango a Gimi, ciwon barci ya yi masu ɓarna, ragowar suka ƙarasa Wusasa. Wannan kaɗai ya isa littafi uku.

Gaskiya ne rubuta irin wannan a Jos yana da haɗarin da marubuciyar Amurka ba ta sani ba. A garin da unguwanni suka rabu bisa addini, labarin da ya mayar da maƙwabci mugun cikin littafi ba nishaɗi zai haifar ba. Amma an gwada taɓa ciwon garin ba tare da an fama shi ba: Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya yi a Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar NLNG a 2016, Richard Ali ya yi a City of Memories, Edify Yakusak ta yi a After They Left. Dukkansu da Turanci.

Littafin da na tsinta a Katako na Francine Rivers ne, kuma bai kwana uku a hannuna ba. Wata ƙanwata ta ara, ta miƙa wa ƙawarta Musulma da suke ɗinki tare, ita kuma ta aiko a tambaye ni ko akwai na biyu, don ba ta yarda a bar Hadassah a inda aka bar ta ba. Na koma kasuwar ranar Asabar ɗin da ta biyo baya. Mai ledar yana nan, amma kayan sun sauya: takalman yara ne da jakunkunan makaranta.