Birij: Wasan kartan da katin farko ke iya kifar da zakarun duniya

A wasan birij, mutum huɗu ke zama, biyu-biyu suna fuskantar juna a matsayin abokai. Ana raba katuna 52, kowa ya samu 13. Tun a 1925 attajirin Amurka Harold Vanderbilt ya tsara lissafin makin da ake bi yau. Gwanayen wasan sun san cewa sau da yawa ana cin hannu ko a faɗi a wurare biyu: wajen tayi, da wajen jefa katin farko.

Tayi: ciniki da harshe mai ƙa'ida

Kafin a jefa kati, ana yin tayi kamar a kasuwar gwanjo. Kowane ɓangare na faɗin zagaye nawa zai ci cikin 13, da jinsin katin da zai riƙa yanka saura. Wanda ya ce “ɗaya” ya ɗauki alƙawarin zagaye bakwai, wanda ya ce “bakwai” ya yi alƙawarin cinye duka.

Ba a yarda aboki ya gaya wa abokinsa abin da ke hannunsa ba sai ta wannan tayin. Don auna ƙarfin hannu, ana ba as maki 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimilla 40. Abokan da suka haɗa kusan 33 kan nemi zagaye 12, wato ƙaramin silam. Masu 37 kan nemi babban silam, duka 13.

Maki kaɗai ba ya isa. Za a iya tara 32 alhali as biyu na hannun abokan hamayya. Shi ya sa Easley Blackwood ya ƙirƙiro dabararsa a shekarun 1930: tayin “huɗu ba yanka” ya zama tambaya, “as nawa gare ka?”, aboki kuma ya amsa mataki-mataki.

Duk da haka zakaru kan zarce. A wasan ƙarshe na kofin duniya na Bermuda Bowl a 1975, Giorgio Belladonna da Benito Garozzo na Italiya sun nemi babban silam ba tare da sarkin jinsin da ke yanka ba. Sarkin na hannun Eddie Kantar na Amurka, tare da goma kawai, a gaban as da sarauniyar Garozzo. Sarkin ya faɗi, silam ya tabbata, Italiya ta ɗauki kofin.

Katin da ake jefawa a makance

Da an gama tayi, wanda ke hagun mai alƙawari ne ke fara jefa kati. Sai bayan nan abokin mai alƙawarin zai shimfiɗa katunansa a fili. Wannan ne kati ɗaya tilo da ake jefawa mutum na ganin 13 ɗinsa kawai.

Tsohuwar ƙa'ida ta ce idan babu jinsi mai yanka, ka fara da kati na huɗu daga sama a jinsin da ka fi yawa. Abokinka zai cire lambar katin daga 11. Idan ka jefa bakwai, ya san katuna huɗu da suka fi shi suna sauran hannaye uku.

A 2011 David Bird da Taf Anthias suka fitar da littafin da ya gwada irin waɗannan ƙa'idoji da kwamfuta. Sun nuna cewa idan abokan hamayya suka tafi kai tsaye daga “ɗaya ba yanka” zuwa “uku ba yanka”, sau da yawa ya fi a fara da ɗaya daga manyan jinsi biyu, ko da ba ka da shi da yawa. Dalili: da suna da shi sosai, da sun neme shi a tayi. Abin da ba su faɗa ba ma labari ne.

Akwai kuma dabarar Theodore Lightner ta 1929. Idan abokinka ya ninka silam ɗin abokan hamayya, yana cewa ne: bar abin da ka saba, jefo wani jinsin, wataƙila ba ni da shi ko ɗaya, zan yanka.

Inda amana ke shiga

Tunda kati ɗaya na iya sauya komai, nan ne maguɗi ya fi kutsowa. A gasar 1975 ɗin nan an sa allo tsakanin abokai don kada su ga fuskar juna, sai aka ga wasu ’yan Italiya biyu, Facchini da Zucchelli, suna taɓa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Dole aka toshe ƙasan ma.

A 2015 Boye Brogeland na Norway ya zargi Lotan Fisher da Ron Schwartz na Isra'ila da ha'inci. Masu nazarin bidiyo sun ce inda suke ajiye allon katuna a tebur na nuna jinsin da za a fara da shi. Hukumomin wasan sun dakatar da su, Brogeland da abokansa kuma suka ajiye kofunan da suka ci tare da su.

Dokar birij ta ce duk ma'anar da tayi ko kati ke ɗauke da ita tsakanin abokai, abokan hamayya na da haƙƙin tambaya a faɗa musu. Gwani na sauraron abin da kowa ya ji ne, ya fi kowa fahimtarsa, sannan ya zaro katinsa.