Wa Ya Ba Gwamna Gonar Kakanka?

Ƙulun ƙulufit! Abu naka ne, da guminka ka saye shi, ka zuba masa bulo da kwano, a cikinsa aka yanke wa 'ya'yanka cibiya, amma ranar da ka tashi sayarwa sai wani mutum da bai taɓa taka layinku ba ya sa hannu. In bai sa ba, ciniki bai faɗa ba. Mene ne?

Kada ka yi saurin cewa gida. Ginin naka ne, ba mai ja da kai. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ita ce abin tambaya. Duk mai takardar nan da dillalan filaye ke kira si-of-o, ya ɗauko ta daga ƙasan akwati ya karanta a natse. Ba ta ce ya mallaki fili ba. Cewa ta yi an ba shi izinin zama, galibi na shekara 99, yana biyan kuɗin ƙasa, kuma gwamna na iya soke izinin in ya ce jama'a na da buƙatar wurin. In ya soke, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka da sauran abin da aka kashe a kai. Ita ƙasar, tun daga filin awon gwamnati har zuwa na awon igiya, a hannun gwamna take amana. To wa ya damƙa masa? Yau ni ne ɗan sandan ciki, kai kuma mai karatu ka riƙe min fitila.

Wanda kowa ke nunawa da yatsa shi ne soja. Kuma biri ya yi kama da mutum. Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fito da dokar soja mai lamba 6, wadda ta mayar da dukkan ƙasar kowace jiha hannun gwamnanta. Dalili ma akwai shi a fili: kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati na son filayen gina hanyoyi da masana'antu da gidaje, amma a wurare irin su Legas 'yan ba-ni-in-ba-ka sun tsawwala farashi, dangi kuma na sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, shari'a ta yi shekaru ba ta ƙare ba. A 1977 aka kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Chike Idigbe. Mafi rinjayen 'yan kwamitin suka ce kada gwamnati ta karɓe ƙasa. Sojoji suka ajiye ra'ayin masu rinjaye, suka ɗauki na tsiraru. Da za su tafi kuma suka cusa dokar cikin kundin tsarin mulkin 1979, don kada farar hula su taɓa ta cikin sauƙi.

Ga sa hannu, ga dalili. Sai a rufe fayil?

A dakata. Akwai abu biyu da suka ƙi zama daidai. Lokacin da dokar ta fito, hayaniya ta fi tashi a Kudu, wajen sarakunan Yarbawa da lauyoyi da manyan dangi masu filaye. Arewa, inda gona take kusan komai, ba ta girgiza haka ba. Sa'an nan a tsofaffin unguwannin gwamnati na Kano da Kaduna da Zariya akwai takardun izinin zama da suka girmi 1978 nesa ba kusa ba. Yaya takarda za ta girmi dokar da ta haife ta? Ruwa ba ya tsami banza.

Sawu ya juya Kaduna. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta yi dokar ƙasa tata, kuma duk wanda ya jera ta da ta 1978 zai ga kamar da ke tsakaninsu: ƙasa a ƙarƙashin ikon hukuma, jama'a na da haƙƙin zama, akwai haƙƙin gargajiya na mutanen karkara, akwai na takarda, ba a sayarwa sai da yarda. Bambancin shi ne a nan minista ke riƙe da ikon, kuma an ware 'yan asalin Arewa daga baƙi. Ashe abin da soja suka yi shi ne ɗauko tsarin Arewa su shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. To, Gamji Sardauna ne ke nan?

Shi ma yana da mafita. Dokar 1962 kwaskwarima ce aka yi wa wata ta 1916, ita kuma ta 1916 sabunta wata shela ce ta 1910. A waɗannan shekaru Sardauna yaro ne ƙarami a Rabah. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne wata jimla da ta ƙi mutuwa: cewa hukuma za ta riƙe ƙasa don amfani da moriyar jama'a baki ɗaya. Tana cikin ta 1978. Tana cikin ta 1962. Tana nan daram a ta 1910. Hannu ɗaya ne ya fara rubuta ta. Na wa?

A nan wani dattijo zai gyara zama ya ce, "Ai ƙasa ta sarki ce tun fil'azal, Bature gadon abin ya yi." Wannan zargin ya fi sauran daɗin ji, Turawan ma da shi suka fake. Kuma ba ƙarya ce zalla ba. Sarki yana da gandunsa, ana biyan kuɗin ƙasa, dagaci ne ke yanka wa baƙo daji ya sare, wanda ya yi ƙaura kuma gonarsa na iya komawa hannun hukuma. Amma a tambayi malamai. Fiƙihun Malikiyya ya san mallakar ƙasa, ya san cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa ya samu haƙƙi a kanta, kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum a kan wannan babi, Ta'alimur Radi. A tambayi manoman kewayen Kano, waɗanda kakanninsu suka san gado da saye da aro da jingina kafin a ga jar fata. Sarki ya yi iko, wani lokaci ma ya yi ƙwace, amma bai taɓa yanka wa talaka wa'adin shekaru a gonar ubansa ba. Mu sallami sarki, bisa sharaɗin kada ya yi nisa.

Saura babban kifi. Gwamna Lugga. A watan Maris na 1903, bayan cin Sakkwato, ya tara manyan gari ya shaida musu cewa duk abin da Fulani suka samu da yaƙi, har da iko a kan ƙasa, yanzu ya koma hannun Ingila tunda ita ma da yaƙi ta ci. Wannan kusan amsa laifi ne da baki. Sai dai tunanin Lugga ya karkata ne ga wani abu dabam: manyan ƙasa su zama masu gonaki na kansu, bayin da aka 'yanta su zama 'yan ƙodago. Shelar 1910 kuwa irin wannan tsarin ta zo toshewa. Kuma ina yake a 1910? Ya bar Arewa tun 1906. Yana can Hong Kong yana gwamna.

Wanda ke kan kujera a 1910 Hesketh Bell ne, amma shi a tuƙe ya tarar da tuwon. Matuƙin ya riga ya tafi. Sunansa Percy Girouard, ɗan Kanada, ya mulki Arewa daga 1907 zuwa 1909. Ba lauya ba ne. Ba alƙali ba ne. Injiniyan soja ne, gwanin shimfiɗa layin dogo. Shi ya ratsa hamadar Sudan da dogo a 1897 don rundunar Kitchener, kuma an turo shi nan ne musamman saboda layin Baro zuwa Kano. Me ya haɗa mai dogo da gonar talaka?

Riƙe wannan tambayar. Mu leƙa Landan.

A 1908 aka zaunar da kwamiti kan filayen Arewacin Nijeriya, bisa takardar da Girouard ya rubuta. A Landan ya zauna, kuma Turawa ne zalla a kujerunsa. Babu sarki, babu alƙali, babu manomi. Akwai Charles Temple, razdan daga Arewa. Akwai kuma wani ɗan majalisar Ingila da ba shi da wata alaƙa da ƙasar Hausa, Josiah Wedgwood, ɗan gidan nan da ya shahara da ƙera kwanukan tangaran. Me ya kawo shi? Abu ɗaya aka san shi da shi a majalisa. Harajin ƙasa. Kuma yana da malami. Malamin bai taɓa zuwa Nijeriya ba. Ya ma rasu tun 1897.

Ba'amurke ne. Ɗan jarida. Henry George.

Mutumin da inuwarsa ke kan takardar filinka an haife shi ne a Filadelfiya a 1839, ya bar makaranta yana yaro, ya yi aikin jirgin ruwa, ya yi aikin ɗab'i, ya ɗanɗani yunwa da iyalinsa a San Faransisko. A idonsa layin dogon da ya ratsa Amurka ya iso Kalifoniya a 1869. An yi ta murna cewa arziki ya zo. Shi kuwa sai ya lura cewa ana ƙara arziki ana ƙara talauci. Ya ba da labarin wata rana da ya fita kilisa a bayan garin Oakland, ya tsaya ya tambayi wani mai amalanke nawa ƙasa take a wajen. Mutumin ya nuna can nesa inda shanu ke kiwo, ya ce akwai mai sayar da eka guda dala dubu. Fili ne fetal, ba gini, ba shuka. Mai shi bai ɗaga ko tsinke ba. Dogo da taruwar jama'a ne suka ɗaga darajar wurin, riba kuma ta faɗa aljihun mutum ɗaya, wanda daga yanzu duk mai son yin aiki a nan sai ya biya shi.

Daga nan littafinsa Progress and Poverty ya fito a 1879, ya zagaye duniya. Maganarsa a taƙaice: abin da mutum ya gina ko ya noma nasa ne, kada a taɓa masa. Amma ƙasa ba wanda ya ƙera ta, kuma ƙarin darajarta jama'a ne suka samar, don haka a karɓe wannan ƙarin ta haraji guda ɗaya a mayar wa jama'a, a sauke sauran haraji.

Yanzu koma ga tambayar da na ce ka riƙe. Girouard ya san abin da dogo ke yi wa farashin ƙasa. Ya san ranar da jirgi ya yi kuka a Kano, kamfanonin Turai da masu kuɗi za su yi wa filaye rubdugu. A Ingila almajiran George sun makara, iyayen ƙasa sun riga sun kafu a majalisar dattawa, ba sa taɓuwa. Amma ga wata ƙasa da aka ci da yaƙi, ba majalisa, ba jarida, ba mai cewa uffan. Wurin gwaji ya samu. Sai aka yanke cewa a Arewa babu wanda ya taɓa mallakar ƙasa, don haka gwamna zai riƙe ta a madadin kowa, ya ba da izinin zama, ya karɓi haya, ya riƙa sabunta kuɗin yayin da daraja ke hawa. Jirgi ya iso Kano a 1911, ya tarar an riga an kulle ƙofa.

A yi wa tsarin adalci, ya yi rana. Arewa ba ta ga Turawa 'yan kama-wuri-zauna sun yanke manyan gonaki ba, in ka cire Filato inda masu haƙar kuza suka shigo ta ƙofar dokar ma'adinai. Abin mamaki, shi kansa Girouard da aka mayar da shi Kenya, a zamaninsa aka tashi Masai daga makiyayarsu ta Laikipia aka buɗe wa Turawa, rikicin da ya ci kujerarsa a 1912. A Kudu kuwa, da aka kafa wani kwamiti a 1912 don duba yiwuwar kai irin wannan tsari can, 'yan boko da sarakunan Legas da na Gwalkwas suka yi ca, yaƙin 1914 ya zo ya binne maganar. A 1921 ma Amodu Tijani, Oluwa na Legas, ya kayar da gwamnati a kotun ƙoli ta Landan kan filin Apapa. Abin da Bature ya kasa a Kudu, shi soja suka ƙarasa a 1978.

Amma ga inda gizo ke saƙar. George bai ce a karɓe wa mutane takardunsu ba, cewa ya yi a bar musu, a karɓi ƙarin darajar kawai. Mu sai muka gaji akasin haka. Ikon karɓewa da rabawa ya zauna daram a ofishin gwamna, shi kuwa ƙarin darajar bai dawo wa jama'a ba. Ana yanka gonakin bakin gari a biya manomi kuɗin shuka, a raba fulotai ga masu uwa a gindin murhu, su kuma su sayar da takardar tun kafin a kafa dutsen awo. Ainihin cutar da mutumin Kalifoniya ya rubuta littafi a kanta ke nan, sai dai yanzu da hatimin gwamnati. Manoman Bakolori da suka tsaya kan diyyar gonakinsu a 1980, da harsashi aka ba su amsa.

An yi yunƙurin gyara. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa gyaran dokar ƙasa cikin ƙudurorinsa bakwai, ya kafa kwamiti a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan yadda take. Sashe na 315 na kundin 1999 ya ɗaure ta, ba a canza ta sai yadda ake canza tsarin mulki: kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da na Wakilai, sa'an nan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Waɗannan majalisu kuwa kowa ya san wanda suke saurare, shi ne mai sa hannun da ake son a rage wa iko.