Ci 2 Da 1 A Wasan Buɗe Kaka: Abin Da 'Yan Kwalejinmu Suka Nuna A Gaban Baƙin Dapaong

A Sokode ba a wasa da zancen ƙwallo. Garin Semassi ne, ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasar Togo sau 10, na baya-bayan nan a 2014, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka ta 1984, inda Shooting Stars ta Ibadan ta tsayar da ita. A gari irin wannan ko wasan yaran makaranta sai an yi masa sharhi a teburin mai shayi, daga Zongo har Didawure. Sai dai yawancin sharhin nan kan tsaya ne a kan tambaya guda: nawa aka tashi?

Ni malamin aji ne, kuma ni aka ɗora wa kula da ƙungiyar ƙwallon kwalejinmu. Mun buɗe kakar bana da wasan sada zumunta da wata kwaleji daga Dapaong, wadda abokina tun zamanmu na makarantar horon malamai yake horarwa. Mun ci su 2 da 1. Washegari kowa na yi min barka. Na karɓa, amma ina so iyayen yara su ji abin da sakamakon bai faɗa ba.

Mu fara da abin yabo. A minti 20 na farko yaranmu sun taka leda yadda ya kamata. 'Yan tsakiya uku sun riƙa ba juna ƙwallo a ƙasa, gajere-gajere, babu dokan-ta-sama, kuma ƙwallon farko ta zo ne bayan an miƙa ta sau biyar ba tare da baƙi sun taɓa ba. Wannan ba sa'a ba ce, abin da muka yi ta maimaitawa ne a atisaye tun komawa makaranta a watan Satumba. Mai tsaron ragarmu, ɗan aji na uku, shi ma ya burge ni, musamman da bakinsa: yana tsara 'yan bayansa, yana kiran kowa da suna. Yaron da zai iya ba na gaba da shi umarni cikin ladabi a fili, wallahi ya koyi abin da ya fi kama ƙwallo.

Ƙwallo ta biyu kuwa kyauta ce. Mai tsaron gidan baƙi ne ta kuɓuce masa, ɗan gabanmu ya tura ta ciki. Ta shiga lissafi, amma ba zan gina komai a kanta ba.

Bayan hutun rabin lokaci sai labari ya sha bamban. Baƙin nan sun yi tafiyar kusan kilomita 300 a kan babbar hanyar ƙasa, ta Mango da Kante da Kara da Bafilo, a cunkushe cikin mota. Duk da haka su ne suke gudu a ƙarshen wasa, namu kuwa hannu a ƙugu. Tazara ta buɗe tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya, kai ka ce titi ne. Sun farke ɗaya da ka daga bugun kusurwa, babu wanda ya bi mai tsallen. Sun sake samun irin wannan damar sau biyu, turke ya cece mu a ɗaya, ɗayar ta bi ta sama. Da an ƙara minti biyar, da yanzu wani zancen ake yi.

Da muka zauna da yaran na tambaye su, “Wa ya ci abincin rana kafin wasa?” Shida ne kawai suka ɗaga hannu cikin sha ɗaya. Ɗaya ya ce, “Mushe, koko na sha da safe, daga makaranta na wuce rumfar Baba.” Wani kuma takalmin aro ya sa, ya matse shi har ƙafa ta yi ƙuraje. To ka ji inda gudun ya tafi. Abin da ɗan kallo yake kira lalaci, wani lokaci yunwa ce.

Akwai kuma fushi. Kyaftin ɗinmu ya karɓi katin gargaɗi don ya yi wa alƙalin wasa gardama a kan satar gida, daga nan sauran suka koma kallon alƙali maimakon ƙwallo. Duk ɗan Sokode da ya kai shekaruna ya san inda irin wannan take kaiwa. Ranar 13 ga Yuni 2006, a Frankfurt ta ƙasar Jamus, Togo ta buga wasanta na farko a gasar cin kofin duniya da Koriya ta Kudu. Ɗan garin nan, Mohamed Kader, ya zura ƙwallo kafin hutu, gari ya ɗauka. Da aka dawo aka kori kyaftin Jean-Paul Abalo da kati na biyu, Lee Chun-soo ya farke da bugun tazarar da ya biyo baya, Ahn Jung-hwan ya ƙara, aka tashi 2 da 1. Kafin wasan ma ana ta rigimar kuɗin alawus, har koci Otto Pfister ya ajiye aiki sannan ya dawo. Ƙwallon Kader ita kaɗai Togo ta ci a gasar duka. Wasan farko ya riga ya nuna ƙarfin ƙungiyar da rauninta, sauran biyun da Suwizalan da Faransa tabbatarwa kawai suka yi. Shi ya sa nake cewa a dubi rabin lokaci na biyu kafin a buga ganga.

Dole in yi wa baƙinmu adalci. Yankin Savanes yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun watan Yuni 2022, saboda hare-haren 'yan bindiga a kan iyaka da Burkina Faso. Abokina ya ce min cikin 'yan wasansa akwai waɗanda iyayensu suka baro ƙauyuka suka dawo cikin gari, kuma ba kullum iyaye ke yarda yaro ya kai magariba a fili ba. Amma dubi yadda suka tsaya: an ci su biyu, babu wanda ya zagi ɗan'uwansa, har wanda ƙwallo ta kuɓuce wa sai da suka dafa masa kafaɗa. Ɗan bayansu na tsakiya ya tuna min da Djené Dakonam, haifaffen Dapaong, wanda ya bi ta Coton Sport ta Garwa a Kamaru kafin ya isa Getafe ta Sifaniya a 2017, har ya zama kyaftin. Ba dogo ba ne, amma ya san inda ƙwallo za ta sauka tun ba ta tashi ba. A ma'aunin tarbiyyar fili, su ne suka ci mu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ana tashi daga wasa wani mutum da ban sani ba ya ja ɗan gabanmu gefe, ya karɓi lambar wayar yayansa. Bayan kwana biyu mahaifin yaron ya zo min, ya ce, “Malam, an ce akwai hanyar Turai, a kawo kuɗin fasfo da na tikiti. Ya kake gani?” Na ce masa, “Baba, a bi a hankali.” Dokar FIFA ta hana a sauya wa yaron da bai kai shekara 18 ba ƙungiya zuwa wata ƙasa, sai a wasu 'yan sharuɗɗa, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura don dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Kuma ƙungiyar gaskiya ita ke biyan kuɗin ɗan wasan da take so. Yaron nan shekararsa 15, BEPC na gabansa a ƙarshen shekara. Ƙwallon da ta sa aka gan shi ma ita ce ta kyautar nan. Idan aka sayar da fili ko babur a kan wannan, an saki reshe an kama ganye.

Hanya mai kyau tana nan, kuma ta cikin makaranta ta bi. A 2022 hukumar CAF ta ƙaddamar da gasar ƙwallon makarantun Afirka, da gudunmawar dala miliyan 10 daga gidauniyar Motsepe. An yi zagayen ƙarshe na farko a Durban a watan Afrilu 2023, wata makaranta daga Gini ta ɗauki kofin maza, ta Tanzaniya ta ɗauki na mata, kowacce ta samu dala 300,000 don ayyukan makaranta. Sharaɗin shiga shi ne yaro ya kasance ɗalibi. Wanda aka cire daga aji don ƙwallo, an rufe masa wannan ƙofar ma.

To mene ne hukuncina a kan ƙungiyarmu? Tsakiya ta yi kyau, raga tana hannu nagari. Baya na buƙatar aiki a kan ƙwallon sama, kuma gaba ɗayansu ƙarfinsu na rabin wasa ne. Daga makon nan atisayen Laraba zai koma kan bugun kusurwa da gudu, kyaftin kuma shi zai yi alƙalancin wasan ƙananan aji, ya ɗanɗana yadda gardama take. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da 10 cikin 20 zai huta a benci har ya gyara, ko da shi ne mai ci mana ƙwallaye.

Roƙona ga iyaye kaɗan ne. Ranar wasa a sallami yaro daga rumfa da wuri, a ba shi abinci, ko wake da shinkafa ne. Ku zo fili ku gani da idonku. In wani ya zo da zancen Turai, a fara tuntuɓar makaranta kafin a fitar da ko dala. Mun yi wa 'yan Dapaong alkawarin ramuwar ziyara in hali ya yi, kuma na san a gidansu ba za su sake ba mu kyauta ba.