Masu Riƙon Tsofaffin Motoci a Ƙasar Rake

Duk wanda ya ratse daga titin Zariya zuwa Kano a Tashar Yari ya nufi Makarfi, ko ya zarce Ikara, ko ya shiga ƙauyukan Kudan ta Hunkuyi, zai yi ta cin karo da motocin da in a birni ne da tuni 'yan gwangwan sun auna su a sikeli. Ga tsohuwar Hilux da fentinta ya koɗe, ƙofa ɗaya fara ɗaya shuɗiya. Ga Land Cruiser da aka yanke bayanta aka mayar da ita a-kori-kura. Jefi-jefi kuma sai Land Rover mai ƙirar akwati, irin wadda dattawa ke tunawa da ita a ƙofar ofishin En'e. Dukkansu suna kan aiki, kuma akwai gidajen da tukunyarsu ba ta hawa murhu sai ɗayansu ta fita.

Ƙasar ce ta sa haka. Makarfi da Kudan gidan rake ne da mazarƙwaila, Ikara ta yi suna da tumatir da masara da barkono, Kudan kuma ta ƙara da inabi a 'yan shekarun nan. Amma rake a fadama yake, fadama kuwa ba ta san kwalta ba. An shimfiɗa titunan karkara da dama tun zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, sai dai tsakanin bakin titi da gonar manomi har yanzu akwai burtali da rafi da taɓo. A watan Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, ƙaramar mota ba ta ma gwadawa. Babbar mota kuma in ta kafe a laka, sai an kwana biyu ana haƙa. Nan ne mai tsohuwar mota da ƙafafunta huɗu ke ja yake da daraja: shi zai shigar da taki, shi zai fito da damin rake zuwa inda tirela ke jira, shi ake buga wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta zo da gardama.

Kowace daga cikin motocin nan da hanyar da ta biyo. An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948, kuma ita ce motar jami'an gona da na lafiya da 'yan sanda a Arewa shekaru masu yawa. A ƙarshen shekarun 1970 ma kamfanin Leyland yana harhaɗa ta a Ibadan. Da ma'aikatu suka gaji da gyaranta sai suka yi gwanjonta, ta faɗo hannun 'yan kasuwa da manoma. Jikinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa, shi ya sa za ka ga bodi garau alhali ƙarfen da ke ɗauke da shi a ƙasa ya sha faci har ba a ƙirgawa. Hilux ta fito a Japan a 1968, mai jan ƙafa huɗu kuma a 1979, ita ce ta ture Land Rover a hankali saboda ba ta yawan kai mutum gareji. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, a kamfanin da aka buɗe a 1975, ta yi zamaninta a waɗannan hanyoyi, amma ƙafar baya kaɗai ke ja, don haka da damina ta yi nisa sai ta tsaya a bakin rafi.

Tsallake taɓo yana da ladabinsa. Direban Hilux ta da ba ya faɗa wa laka kai tsaye. Zai tsaya, yaron mota ya diro ya murɗa 'yan makullan da ke tsakiyar ƙafafun gaba, hagu da dama, sannan ya naɗe wando ya shiga ruwan da sanda yana laluben inda ƙasa ke da ƙarfi. Direba ya ja ƙaramin sandan giya zuwa agzilari, ya sa lamba biyu, ya saki kulochi a hankali, ba ya ƙara wuta ba ya ragewa har sai ya haye. A Land Rover kuwa sanduna biyu ne ban da na giya, mai jan kai da mai rawaya: ka danna rawaya ƙafa huɗu su kama, ka ja mai jan kai baya ta shiga giyar ƙarfi. Sabon direba da zafin kai yake shiga, tayoyi su yi ta juyi a wuri ɗaya har cikin motar ya zauna a ƙasa.

Ran waɗannan motoci yana gareji, kuma gareji a nan inuwar dalbejiya ce ko ta mangwaro, da ƙasa da ta yi baƙi ƙirin da mai, da sarƙa rataye a jikin ƙarfe uku don ɗaga inji. Bakanike ba shi kaɗai ba ne. Kusa da shi akwai mai walda, da rewaya mai aikin wuta, da fanel bita, da mai faci, da mai wanke lagireto. Mota ɗaya sai ta bi hannun mutum biyar kafin ta tashi. Yara masu koyo suna tsugune suna wanke noti da fetur a gwangwani, kunnuwansu na wajen maigida. Da ya ce a miƙo sha biyu ko sha huɗu, yaron da ya kawo sufanar da ba ita ba zai sha magana. Yawancin waɗannan iyayen gida ba su taɓa buɗe littafin mota ba. Da kunne suke aiki: a ɗora bakin sukudireba a jikin inji, a kara ƙotar a kunne, a gane ko metal ne ke ƙwanƙwasa ko bawul ne ke neman saiti.

Aikin da ya fi nuna gwaninta shi ne dashen inji. Injin Land Rover na asali, mai lita 2.25, kayansa sun yi wuya, don haka sai a cire shi a sa na Toyota ko na Nissan. Ba shiga yake yi haka kawai ba. Sai an yanka farantin ƙarfe mai kauri an huda shi daidai ramukan inji ta wannan fuska, daidai na giyabos ta waccan, an sake wa inji mazauni, an karkata salansa, wani lokaci an matsar da lagireto gaba. In aka kuskure saiti ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa cin kulochi duk bayan 'yan makonni. Wanda ya iya wannan aiki sunansa yana tafiya daga Paki har Gubuchi ba tare da allo ba.

Kayan gyara kuwa sai an yi tafiya. Ƙananan abubuwa ana samu a Sabon Garin Zariya. In inji ne ko giyabos ko aksul, sai Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma mai mota ba ya zuwa shi kaɗai, da bakanikensa yake tafiya, da mataccen ƙarfen a buhu don a gwada. Kusan kowa ya fi yarda da ɗan Kwatano, wato wanda aka ciro daga mota a Turai ko Japan, a kan sabo fil a kwali da ba a san inda aka ƙera shi ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin waɗannan kaya ya yi tashin gwauron zabo, har ta kai wasu na sayen matacciyar mota sukutum su ajiye a bayan gida suna cirar kayanta.

Janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara dagula lissafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Injin 22R na tsohuwar Hilux ba ya mutuwa da wuri, amma yana shan mai. Ana maganar mayar da motoci su yi aiki da gas, har akwai wajen yin haka a cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT da ke Zariya, sai dai mai ɗaukar rake a bayan Gazara ba shi da gidan gas a kusa. Abin da wasu suka zaɓa don rage kashe kuɗi shi ne cire farfelar gaba in ta lalace, maimakon sayen wata. Motar tana tafiya, amma ta rasa abin da ya sa ake nemanta, kuma mai saye da bai leƙa ƙasanta ba sai damina ta gaya masa.

Akwai gyaran da ya zama ruwan dare kuma yake da ban tsoro. Motar da aka ƙera don tan ɗaya, sai a ƙara mata ganyen sifirin uku ko huɗu, a yi mata dogon keji na ƙarfe, a loda mata ninki biyu, fasinjoji kuma su hau saman kaya. Sifirin ya ɗauka, amma birki yana nan yadda kamfani ya yi shi. Mafi muni, in birkin ƙafa ɗaya ya fara yoyo, akwai masu toshe bututunsa da ƙusa su ci gaba da tafiya da uku, akwai kuma masu zuba ruwan omo a madadin man birki. Wannan ganganci ne da rayukan mutane, ba dabara ba, kuma bakanike mai mutunci ba ya yarda a yi shi a garejinsa. Haka batun taya: a jikin kowace akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, amma masu sayen ta hannu kaɗan ne ke dubawa.

Masu motar da suka daɗe da ita ana gane su da ƙananan halaye. Kafin fitowar rana sun buɗe bonet sun duba ruwa da baƙin mai. In sun ratsa rafi mai zurfi, washegari za su kwance notin aksul su ga ko man ya koma fari kamar koko, alamar ruwa ya shiga, su zubar su sa sabo. Suna da gwangwanin giris a ƙarƙashin kujera, da igiya da shebur da guntun katako na ɗora jek. Babban gyara kuma a watan Afrilu ko Mayu suke yin sa da kuɗin kayan rani, kafin ruwa ya sauka.

Babur da keke mai ɗaukar kaya sun ƙwace wani ɓangare na aikin, musamman buhu biyu ko uku. Sababbin motoci masu kwamfuta kuma sun fi ƙarfin aljihun manomi, sun fi ƙarfin sufana da kunne. Don haka tsofaffin nan za su ƙara shekaru a hanyoyin Ikara da Makarfi da Kudan. Abin da ya rage shi ne shugabannin tasha da ƙungiyoyin makanikai su tsaya kai da fata: motar da za a ƙara wa sifirin, a fara gyara birkinta, wadda kuma aka toshe wa bututu kada a bar ta ta yi lodi ranar kasuwa.